Littafin Zuwa Aiki: Yadda Muke Ciki da Mai Keken Aikin Wuya

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Saura kusan mako bakwai a kama azumi, kuma na ƙudurta ba zan shiga ɗinkin Sallar bana da matsalar da na fito da ita daga bara ba. Shi ya sa na buɗe wannan rubutu, in riƙa ajiye abin da na yi da abin da ya biyo baya, ko wani mai shago irina ya tsinci abin amfani.

Shagon ɗinkin maza ne, a Fagge, cikin Kano. Mu takwas ne: ni nake awo da yanka, teloli huɗu suna haɗawa, akwai mai guga da sa maɓalli, akwai ɗan koyo, sai mai keken aikin wuya na kwamfuta, wanda a kansa maganar take. Ba zan ambaci sunansa ba. Shekararsa uku da 'yan watanni a wurina, kawunsa ne ya kawo shi, kuma Allah ya yi masa hannu. In ya zauna ya tsara zane a kan shadda, ko kasuwar yadi ta Kwari ka shiga da rigar sai an tambaye ka inda aka yi ta. Matsalar, ba ka sanin ranar da zai zauna ɗin.

Wanda bai san ɗinki ba zai ce, mutum ɗaya cikin takwas, me zai hana aiki tafiya? Ba a haɗa kaftani sai an gama aikin wuya da na aljihu da na bakin hannu. In na yanka, dole gaban rigar ya bi ta kekensa kafin ya isa hannun tela. Ranar da bai zo ba, wanduna kawai teloli za su ɗinka, in sun ƙare su zauna latsa waya. Su kuwa a kan kowane ɗinki ake biyansu, abin da ka haɗa shi ne kuɗinka. Shi albashin wata nake ba shi, tunda keken nawa ne. Ke nan shi ya yi fashi, su ne aljihunsu ya ji. Ni kuma ni zan tsaya gaban mai kaya da na ce wa ya dawo Alhamis, in yi ta kame-kame, a ƙara tabbatar da abin da ake faɗa a kan alkawarin tela.

Abin da na fara yau ƙarami ne. Na sayi littafi mai layi na ajiye a kan teburin yanka. Kowa ya zo ya rubuta lokaci ya sa hannu, har ni. Gida uku na yi a kowane shafi: wanda ya zo, wanda bai zo ba amma ya sanar, wanda bai zo ba kuma ba a ji daga gare shi ba. Na ce ƙarfe tara ake buɗewa. Ɗaya daga cikin telolin ya ce, "Maigida, mun zama sakatariya ke nan." An yi dariya, amma kowa ya san don wa aka sayo littafin.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau ranar tsaftar muhalli ce ta ƙarshen wata, ba a fitowa sai goma, sai na zauna da littafin a gida.

Da a ka nake riƙe abin, na ɗauka kullum ne ba ya zuwa. A rubuce ba haka ba ne. Yawancin ranaku yana zuwa, wani lokacin ma ya riga kowa. Fashin a dunƙule yake zuwa: kwana biyu a jere, sai kuma Litinin. Abin da ya fi tsaya mini shi ne gida na biyu, na wanda ya sanar, babu sunansa ko sau ɗaya. Duk fashinsa a gida na uku yake, kuma wayarsa a kashe. In ya dawo sai ka ji zazzaɓi, ko rasuwa aka yi a unguwa, ko bai samu adaidaita ba.

Ban ƙaryata ko ɗaya ba. Daga Fanshekara yake zuwa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya zama wani albashi na daban. Rasuwa kuwa, babu mai shagon da zai ce wa yaronsa kada ya je jana'iza. Amma jana'iza awa biyu ce ko uku. Abin da ke kashe mana aiki shi ne mutum ya tafi jana'iza da hantsi, daga can ya zarce zaman makoki, gobe ya koma, jibi sadakar uku, alhali mamacin maƙwabcin abokinsa ne. Wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka muka taso muka tarar.

Alhamis, 30 ga Janairu

Akwai wani lauya da nake wa ɗinki, ya zo awo na tsare shi da tambaya, ya kuma turo mini Dokar Ƙwadago ta waya. Niyyata ita ce in sa tara: duk ranar da ba ka zo ba babu sanarwa, a cire kaza. Ya ce in cire wannan daga raina. Sashe na 5 ya hana mai aiki cire tara daga albashin ma'aikaci. Ko asara ya jawo maka da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago za ka cire, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Ƙin biyan ranar da mutum bai yi aiki ba babu dalili, wannan daban ne, amma ya ce a rubuta shi a yarjejeniya tun farko.

Nan ne kuma ya nuna mini sashe na 7: cikin wata uku da ɗaukar mutum ya kamata a ba shi takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa. A duk layinmu ban san shago ɗaya da ya taɓa yin haka ba. Da baki ake komai, wani babba ya kawo yaro, a yi addu'a, shi ke nan.

Sauran abubuwan da na kwafa a bayan littafin:

Sashe na 16, in ma'aikaci ya yi rashin lafiya kuma likita ya ba da takarda, yana da haƙƙin albashin kwana 12 na aiki a shekara. Sashe na 18, bayan wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 da albashi. Sashe na 11, sallama: wanda bai wuce wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya, daga nan zuwa shekara biyu, mako ɗaya, shekara biyu zuwa biyar, mako biyu, shekara biyar zuwa sama, wata guda. Nawa mutumin a mako biyu ya faɗo, kuma a rubuce, ko a biya shi kuɗin kwanakin. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma lauyan ya ce kada wannan ya sa in ɗauka sauran dokar ma ba ta shafe ni ba. Kotun ma'aikata tana da reshe a nan Kano.

Ba kotu nake tsoro ba, yaron ba zai kai ni ba. Abin da nake so, ranar da magana ta kai gaban kawunsa in kasance ba ni da inda na ci haƙƙinsa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Jiya Litinin bai zo ba. Yau bayan la'asar na ce ya raka ni sayen zare, don kada a yi a gaban yara. A hanya muka samu benci muka zauna, na buɗe masa littafin. Ban ce komai ba, na nuna masa gida na uku da yatsa.

Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Maigida, yarona ne. Sikila gare shi."

Shekara uku muna tare, na san an yi masa haihuwa, har suna na je, amma ban taɓa jin wannan ba. Ya ce tun da sanyin nan ya shigo ciwon yake tashi da dare, yaron ya yi ta kuka da ciwon ƙafa da hannu, sai asibiti. In aka riƙe su, matarsa tana ciki shi yana waje, shi ne sayo magani, shi ne neman jini in an ce a ƙara. Gari ya waye bai runtsa ba, waya babu caji, kuma kunya ta hana shi aron ta wani ya kira ni. Na ce me ya hana ka faɗa tun tuni? Ya ce danginsa ba sa so a sani, akwai ƙannensa mata da ba su yi aure ba.

Na san ciwon daidai gwargwado, akwai shi a danginmu. Sanyi yana tayar da shi, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓin cizon sauro. In uwa da uba duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar ciwon ba tare da yana damunsu ba, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da SS, wato sikilar kanta. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure, har da na rukunin jinin nan, amma su aurensu ya riga dokar. Abu ne da zai yi ta dawowa, ba zazzaɓin mako guda ba ne. Kwana 12 ɗin da doka ta ambata kuma na ciwon ma'aikacin ne shi kansa, ba na ɗansa ba. Wato nan doka ba ta ce komai ba, tsakanina da shi ne da Allah.

Tausayi ya kama ni, amma ban rufe littafin ba. Na tambaye shi kowace rana ɗaya bayan ɗaya. Na kwana biyu a jere duk asibiti ne. Na Litinin kuwa ya yi ta sosa ƙeya, ya ce gajiya. Na bar shi a haka.

Ga abin da muka rubuta da Hausa, shafi ɗaya, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. In ba zai zo ba, kafin ƙarfe takwas in ji, ko da filashin ne daga wayar wani, ni zan kira. In ciwon yaron ne kuma ya sanar, albashinsa ba zai taɓu ba har kwana uku a wata, abin da ya wuce haka mu zauna. In bai zo ba kuma bai sanar ba, ranar ba ta da kuɗi. In hakan ya kai sau uku, takardar gargaɗi, kuma kawunsa zai sani. Na saya masa ƙaramin abin cajin nan na aljihu, don maganar waya ta mutu ta ƙare.

Na faɗa masa a fili: ba zuwanka kullum nake nema ba, na san ba zai yiwu ba. So nake ƙarfe takwas ta yi na san ko akwai aikin wuya yau ko babu, in san abin da zan yanka da abin da zan gaya wa mai kaya.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An samu canji. Sau biyu ya kira da asuba, na juya aikin ranar zuwa jallabiya da 'yar shara da wanduna, waɗanda ba sa bi ta kekensa. Babu telan da ya zauna.

Na kuma sa ɗan koyo ya riƙa zama kusa da shi bayan azahar: ɗaura yadi a firam, sa takardar ƙasa, canja zare, abin da ake yi in allura ta karye ko zaren ƙasa ya cukurkuɗe. Wannan bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Mai guga ya ce mini ya ji shi yana cewa ana shirin ƙwace masa kujera. Koyarwar ma da rabin baki yake yi, in yaron ya yi tambaya ya ce "kalla kawai". Na kira shi na ce, ranar da kake asibiti wa kake so ya riƙe maka wurin, wannan yaron da kai ka koya wa, ko baƙon da zan ɗauko daga waje wanda ba zai tashi ba in ka dawo? Bai amsa ba, amma washegari na ga ya ba yaron tsohon ƙyalle yana gwada masa.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

An kama azumi. Mun koma tsarin kowace shekara: sha ɗaya na safe zuwa la'asar, a dawo bayan asham a yi har dare ya raba. Tun 2022 aka hana adaidaita yawo bayan ƙarfe goma na dare, don haka masu nisa a shago suke kwana, har da shi, sai ranar da ya ce zai je ya duba gida. Na ce wa kowa ranar goma ga azumi zan rufe karɓar ɗinki, ko wane ne ya zo.

Laraba, 12 ga Maris

Na rufe karɓa, kuma na yi lissafin a kan abin da keken zai iya in mai shi ya yi fashin kwana uku, ba a kan abin da zai iya in komai ya tafi daidai ba. Na mayar da mutane da yawa, har da wani Alhaji da ya zo da shaddar 'ya'yansa shida yana cewa ai ni nasa ne. Ciwo ne ka ga kuɗi ka ce a'a. Zuwa yau dai mutumin bai yi fashi ko sau ɗaya ba, zafi ya shigo, yaron ya samu sauƙi.

Lahadi, 23 ga Maris

Ya ɓace. Alhamis da dare ya ce zai je gida, Juma'a babu shi, Asabar babu shi, waya a kashe. Na aika ɗan koyo har Fanshekara da tunanin ko jikin yaron ne. Ya tarar da yaron yana wasa a tsakar gida, matar ta ce ai yana wurin aiki.

Yana wurin aiki kuwa, amma ba nawa ba. Wani shago ne can wata unguwa, su ma suna da keke irin nawa, mai yi musu ya tafi, suna biya a kan kowane wuya, kuɗi a hannu. A kasuwar zare labarin ya same ni, Kano ba ta ɓoye irin wannan. Da na bi baya sai na gane Litinin ɗin nan ta Janairu ma haka ne: Lahadi da dare yake zuwa can ya kwana yana aiki, Litinin ya kasa tashi.

Ɗan koyo ya riƙe ƙananan zane, ya ɓata gaban riga ɗaya, Allah ya sa akwai ragowar yadin. Manyan ayyuka na kwasa na kai waje, a farashin goman ƙarshe, kusan ninki. Ribar waɗannan kayan ta tafi. Teloli biyu sun yi yini guda babu abin haɗawa, a makon da suke jira duk shekara. Ɗaya ya ce mini, "Maigida, in don mu ne ka sallame shi kawai." Ban ga laifinsa ba.

Yau da hantsi ya shigo, ya yi sallama ƙasa-ƙasa ya zauna a keke. Na ce masa kalma ɗaya: bayan Sallah. Ba zan yi shari'a da kayan mutane a kan tebur ba.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Sallah. Kowa ya karɓi kayansa, na ƙarshe da asubar ranar idi. Makon nan ya yi aiki kamar zai kashe kansa. Na biya shi albashinsa cif ban da kwana biyun nan, kamar yadda takarda ta ce, na kuma ba shi goron Sallah daidai da kowa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kwanakin hutun nan na yi su ina lissafi da biro. A watan azumi kowane tela ya tashi da abin da ya ninka albashin mai keken, wani ma fiye, saboda su da yawan aiki kuɗinsu ke ƙaruwa. Shi ko riga goma ya yi ko ɗari, kuɗinsa ɗaya. Yana zaune a tsakiyarsu yana ganin ana ƙirga musu kowane dare, ga kuɗin magani na jiransa a gida. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna mini in na kore shi na ɗauko wani a kan tsari iri ɗaya, Sallah mai zuwa shi ma zai san hanyar wancan shagon.

Na tambayi limamin masallacin layinmu. Ya ce malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda ka ɗauka don lokacinsa, wata ko shekara: wannan ladansa yana tabbata da ya kawo kansa a lokacin da aka yi sharaɗi, ko akwai aiki ko babu, kuma ba shi da damar yi wa wani aiki a cikin wannan lokaci sai da izininka. Akwai kuma wanda yake karɓar aikin kowa, kamar ni da masu kawo mini ɗinki, shi ladansa a kan aikin da ya gama yake. Ya ce darensa na Lahadi nasa ne, ba ka da iko da shi. Juma'a da Asabar ɗin nan kuwa naka ne ya ɗauka ya sayar wa wani.

Jiya muka zauna a zauren kawunsa. Na gaida dattijon, na ce, "Baba, amanar da ka ba ni ce na kawo maka rahotonta." Na miƙa masa littafin da takardar da muka sa wa hannu. Ban ambaci ciwon yaron ba sai da shi ya fara ambata. Ya yi wa ɗan nasa faɗa sosai, har ya ce ya kunyata shi, sannan ya juyo gare ni da abin da na san zai zo: "Alhaji, a yi haƙuri, a bar maganar takarda, ai ɗanka ne." Na ce, "Baba, haƙurin ne ya sa na zo nan ban rubuta ta sallama ba. Amma akwai mutum shida a shagon, su ma 'ya'yan wasu ne, suna kallon abin da zan yi." Takardarmu ta ce sai sau uku, wannan biyu ne, amma na ce tafiya yi wa wani aiki a lokacina ba ta cikin lissafin mantuwa. Ya karɓi takardar gargaɗin ya sa hannu, kawun ya sa a matsayin shaida. A ciki na rubuta cewa in aka sake, sanarwar mako biyu ce.

Daga nan na kawo sabon tsari. Albashin wata ya ragu zuwa abin da zai riƙe masa haya da abin hawa, a kai kuma akwai kuɗi a kan kowane wuya da ya gama, babban zane da farashinsa, ƙarami da nasa. Na lissafa masa da aikin Fabrairu: zai tashi da kusan abin da yake samu. Da aikin Maris: ya fi ninki. Na ce ya je ya yi shawara da iyalinsa, tilas babu. Yau da safe ya ce ya amince.

Asabar, 3 ga Mayu

Wata na farko a sabon tsari, kuma watan da kasuwa take kwance. Fashi biyu, duka ya kira, ɗaya asibiti, ɗaya bikin ƙaninsa wanda ya faɗa tun mako guda kafin ranar. Litinin ta daina zama matsala.

Wani abu ya ɓullo ta inda ban zata ba. Tunda yanzu kowane wuya kuɗi ne, ba ya so ɗan koyo ya taɓa keken ko kaɗan. Sai na ware: sa suna a aljihu da ƙananan layuka na yaron ne, kuma ranar da mai keken ya sanar ba zai zo ba, duk abin da yaron ya yi ana raba kuɗin biyu tsakaninsu, tunda zanen nasa ne. Yanzu shi da kansa yake kiran yaron daga asibiti yana gaya masa lambar zanen da zai ɗora.

Littafin kuma ya kama wanda ba don shi aka saye shi ba. Telan nan da ya ce in sallami mutumin, shi ne yanzu sha ɗaya take yi masa a hanya, makonni biyu a jere. Ya ce ai shi ba albashi yake ci ba, in ya makara kansa ya yi wa. Na ce rigar da ke kan kekenka tana da ranar karɓa, kuma bakina ne ya faɗi ranar. Ya gyara, da ɗan fushi.

Litinin, 26 ga Mayu

Ɗinkin Babbar Sallah bai kai na ƙarama ba, kuɗin mutane na wurin rago. Duk da haka na rufe karɓa da wuri. Ranar Alhamis bai zo ba kuma takwas ta wuce babu kira, sai wajen sha ɗaya ya bugo daga wayar wani, an kwantar da yaron, zazzaɓi ne mai zafi. Na tsaya ina tunanin gidan da zan sa shi. Na sa shi a na biyu, na rubuta lokacin da ya kira a gefe, na kuma gaya masa na rubuta. Da yamma ni da mai guga muka je dubiya. Yanzu duk shagon sun san halin da ake ciki, shi ya faɗa musu da bakinsa, kuma teloli sun yi masa karo-karo ba da sanina ba.

Litinin, 16 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar Juma'a 6 ga wata, ba mu kai aiki waje ba ko ɗaya. Ya nemi kwana shida na hutunsa ya tafi ƙauye shuka, na ba shi, ɗan koyo ya riƙe ƙananan ayyuka, manyan na gaya wa masu su gaskiyar ranar da zai dawo. Mutum ɗaya ya kwashe yadinsa ya tafi wani wuri.

Yau ya dawo da wata buƙata. Har yanzu masu shaguna suna nemansa da aikin wuya, yana so in ba shi keken haya da dare ya riƙa yi a nan maimakon ya je can. Na ce sai aikin shago ya ƙare, ban da daren Lahadi, ban da azumi da makonni biyu kafin Babbar Sallah. Fetur ɗin janareta da allura da zare nasa ne, kuma a kowane wuya akwai kason keke, wanda zan riƙa ajiyewa daban saboda gyara. Mun ƙara shi a ƙasan takardar, gwaji zuwa ƙarshen Yuli. Na buɗe masa shafi a bayan littafin da zai riƙa rubuta awannin da keken ya yi da dare, in haɗa su da lissafin mai gyara in ya zo duba shi.